Ciyawar Kabarin Mama

Daejeon

Baba,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Gwaggo Mal-sun ta ce ka daina shan maganin ciwon sukari, wai ka duba jikinka kaf ba ka ga kumburi ba. Baba, sau nawa zan faɗa? Kumburin da nake bincike a kansa a ciki yake, ido ba ya ganinsa. Akwai wasu ƙananan saƙonni a ƙwayoyin jiki, ana ce musu RNA, irin waɗanda ba sa gina komai, har aka daɗe ana ɗaukarsu tarkace. Ashe wasunsu ne ke hura wutar kumburin, har jiki ya daina sauraron insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Ɓerayen ɗakin bincikena sun fi ka jin magana! Na gaji da roƙo. Ka koma kan maganinka, ka rage busasshiyar kanyar nan.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Hye-rim

Sangju

Hye-rim,

Na samu takardarki, ina amsawa. Kanya ta yi 'ya'ya bana, rassa har ƙasa. Mal-sun dai bakinta ba ya rufuwa. Saƙon da ba ya gina komai, a kansa aka ba ki digiri? To madalla. Ni lafiyata ƙalau, babu inda ke min ciwo.

Af, Chuseok, bikin kaka da ake gyara kaburbura, ya matso. Ki ce wa mijinki Tae-gon ya zo ya yanke ciyawar kabarin mamarki.

Ki gaida shi.
Babanki

Daejeon

Gwaggo,

Barka da aiki, ya gida? Yayanki zai haukata ni. Ya cika takarda da zancen kanya, sai a ƙarshe ya ce Tae-gon ya je yankan ciyawa. Tae-gon fa! Tun rasuwar Mama, Baba bai taɓa barin kowa ya taɓa ciyawar nan ba, bara ma korar Tae-gon ya yi daga kan tudun da kabarin yake. Me ya hana shi hawa bana? Kuma mai sukari yana iya jin rauni a ƙafa bai sani ba, shi ya sa "babu inda ke min ciwo" ɗin nan ya tayar min da hankali. Ki je ki cire masa safa, ko zai zage ki.

Na gode, Gwaggo.
Hye-rim

Sangju

Hye-rim 'yata,

Na cire, na sha zagi. Ƙusa ya taka tun damina. Likita ya ce jibi za a yanke yatsu biyu, sauran ƙafar sai abin da aka gani. Babanki ya ce in gaya miki yanzu ya ga kumburin.

Ki taho. Ya wasa lauje, ya ce ke za ki hau tudun, ba mijinki ba.

Sai kin zo.
Gwaggonki