Usur ɗin da Aka Toshe da Dalma

Assalamu alaika, Baban Safiyya.

Na san wannan ba za ta kai gare ka ba. Ba ma takarda ba ce, ka san ban iya rubutu ba. Jawwal ɗinka, wayar hannunka, na ɗauka na danna jan maɓallin ɗaukar muryan nan da ka nuna min, ina ta magana kamar mai taɓin hankali. An gama la'asar, gari ya yi tsit don zafi, Safiyya na barci a cinyata. In ka ji muryata ƙasa-ƙasa, tsoro nake ji, ba mura ba ce.

Bari in fara da labarin gida. Safiyya ta yi haƙori biyu, tana cizon komai, har mabuɗanka. Mukayyif ɗin da ke sanyaya ɗaki ya koma ɗigar ruwa, na sa masa roba a ƙasa, tunda mai gyara ya tafi. Itacen lemun da ka dasa a bakin dutsen nan baƙi bai mutu ba. Ban ga kabarinka ba, ka san mata ba ma shiga maƙabartar Baƙi'a. Maƙwabcinmu ya ce wajen yana da kyau. Ni takaba ta ɗaure ni a ɗaki, ko ƙofar titi ban leƙa ba, kuma ga shi ta kusa ƙarewa. Da ina ƙin ta. Yanzu wallahi ita ce katangata, don muddin ina cikinta babu namijin da zai tako min gida.

Sai mutanen da ka yi wa aiki suka aiko matansu.

Ka san su fiye da ni. Hajiya Zulai mai magsala, inda ake wanke zannuwan otal da tsohuwar tukunyar tururin nan ta tagulla da ka ce ta girmi kakanka. Da Hajiya Asabe, wadda 'ya'yanta ke da motocin da suke kwasar wankin. Duk unguwarmu ta Harra an san gidajen nan biyu ba sa ga maciji, ko a biki ba sa zama tabarma ɗaya. Kuma duk Harra an san ba zannuwa kaɗai ke fita cikin ƙunshin wankin nan ba, sai dai ba mai faɗa. Wa zai zura hannu cikin wankin datti ya bincika? Kai ka ƙera musu akwatunan nan masu gindi biyu, waɗanda sai an murɗa ƙarfe ta wata hanya suke buɗewa. Ban taɓa tambayarka me ake sawa ciki ba. Ranar sunan Safiyya ka ce min halas, ka gama, ba za ka ci da 'yarka da wannan ba. Na yi murna, ban san abin da murnar za ta jawo ba.

Ka tuna ranar da ka dawo da usur a aljihu? Usur ɗin tukunya, wanda yake kuka in tururi ya yi yawa don mutane su gudu. Ka ajiye shi a faranti, ka ce in ɗaga in ji nauyi. Wani ya narka dalma ya zuba masa har wuya, ya zama bebe. Ka ce ka sa sabo, kada in damu. Ka yi dariya, amma shinkafar ba ka ci ba. Daga baya ka rataya shi a ƙarƙashin gadon lilon da ka ƙera wa Safiyya, mai ƙafafun tagulla masu haƙora, ka ce nauyinsa daidai ne, in an murɗa mabuɗi shi zai riƙa jan gadon yana kai da komo.

Da tukunyar ta fashe da kai, shurɗa, 'yan sandan garin nan, suka ce haɗari ne, tsohon ƙarfe ne ya gaji. Ba wanda ya ji kukan usur a ranar. Sabon da ka sa ma ba a same shi ba. Ni kaɗai na san an taɓa gwadawa a baya, kuma shaidar tana lilo a ƙarƙashin 'yata.

Hajiya Zulai ce ta fara ganinsa, ranar gaisuwa. Ta sunkuya wai za ta yi wa yarinya wasa, sai na ga idonta ya tsaya. Daga nan ta riƙa zuwa da gahawa da dabino, tana kirana 'yata. Ta ce in ba ta usur ɗin ta kai wa shurɗa, don 'ya'yan Asabe ne suka kashe ka, su ke harkar dalma a garejinsu. Ba a jima ba Hajiya Asabe ta zo da turare da kayan jarirai. Ita kuma ta ce mutanen Zulai ne, wa yake da mabuɗin ɗakin tukunya in ba su ba? Ta ce in ba ta, za ta ƙwatar min hakkinka. Kowacce ta rantse. Kowacce ta yi kuka, hawaye na gaske, na gani da idona.

Na kusa yarda da ɗaya. Sai wata rana da hantsi na ɗaga labule kaɗan, Allah ya yafe min, na hango su a ƙarshen layi cikin mota ɗaya. Zulai na ɓare wa Asabe lemu tana miƙa mata. Suna dariya, Baban Safiyya. Ashe gabar ta mutanen unguwa ce, don a yi ta kallon can. Ka san da haka? Ko kai ma rufe ka suka yi?

Zuwan Asabe na ƙarshe, ta ɗauki Safiyya ta ƙi saukewa. Tana jijjiga ta tana faɗa min a hankali cewa ni baƙuwa ce, aure ya kawo ni daga Damagaram, takarduna a wuyanka suke, ga shi wuyan ya kwanta. Yarinya kuwa 'yar ƙasa ce, ba za ta rasa gidan da zai riƙe ta ba in uwarta ta samu mushkila. Ta ce in takaba ta ƙare za su zo da maza a yi magana. Da ta miƙo min ita, jikin yarinyar duk ƙamshin turarenta, na yi mata wanka har sau nawa bai fita ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun rasuwarka ban murɗa mabuɗin gadon nan ba, hannuna ba ya iyawa. Amma da tsakar rana, daidai lokacin da kake dawowa cin abinci, sai in ji ƙaf, ƙaf, ƙaf, haƙoran tagulla suna tafiya. In leƙo in ga gado yana lilo, taga a rufe. Na yi a'uziyya, na karanta abin da na iya. Safiyya kuwa sai ta kalli sama da gadon, wajen da kanka yake kaiwa in ka tsaya, ta yi ta ɓangala dariya. Kai ne? In kai ne, me kake so in yi? In riƙe, ko in saki?

Ba ka amsa ba, sai na yanke da kaina. Shi ya sa na ɗauki jawwal.

Yau da safe na kwance usur ɗin. Na riƙe shi da awartakinka a kan wutar gas, bakinsa ƙasa. Ya daɗe, sannan dalmar ta fara zuba cikin gwangwani kamar hawaye masu nauyi. Duk ta fita. Yanzu ba shaida, tsohon usur ne kawai, kowacce ta zo in miƙa mata ta duba. Ba abin da zan kai wa shurɗa, ba abin da za su ji tsoro a hannuna. Na sayar da jininka na sayi 'yarka. Ban sani ba ko za su bar mu, amma ba ni da wani abin da zan ba su sai wannan.

Na ajiye shi a gefen murhu ya huce. Butar shayi na tafasa kusa, ban kula ba, tururinta ya bi ta bakinsa. Sai ya yi kuka. Baban Safiyya, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, siririya, doguwa, har cikin haƙorana. Na durƙushe a kicin na toshe kunne. Kukan da ya kamata ka ji ke nan ka gudu. Ni na ji shi, a makare.

Tsakar rana ta yi, na zauna ina jira. Gadon bai motsa ba. Na ce wa kaina ai nauyin ne babu. Safiyya ta kalli wajen nan, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta nemi nono.

Fushi ka yi, ko hankalinka ne ya kwanta ka tafi?

Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa kiran sunanka ba, kunya ta hana. Ka sha tsokanata a kan haka. To ga shi, ka ji sau ɗaya. Idrisu. Ka yafe min, Idrisu. Allah ya sanyaya maka makwanci, ya sa maƙwabtakar Manzo ta amfane ka. Sai mun zo.

Ni ce matarka Rakiya, uwar Safiyya, daga ɗakin da ka bar mu.