Wutar da Ka Amince da Ita

Unguwar Kanti, Kazaure.

Zuwa ga Yayana Madu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan muna godiya. Hajja Kaka ta samu sauƙi har tana fitowa tsakar gida shan hantsi, gero kuma ya shigo gida lafiya. Shirin bikin 'yarka Nana Aisha yana tafiya, an kawo ɗinki. Da hannuna nake rubuto maka, don in na ce zan yi saƙon murya yaran ne za su latsa mini wayar, kuma maganar a kansu take.

Yaya, Nana Aisha ta ce ta roƙe ka a waya cewa ɗana Musaddiƙ zai yi mata hoton wuta ranar kamu, kai kuma ka ce ba laifi, a sa wutar ta yi yawa don dangin ango su ga mun iya. Tun da na ji haka na san ba ka gane ba. Kai ka ɗauka wutar lantarki ce, irin ƙwayayen da ake jerawa a wurin biki. Wallahi ba ita ba ce. Wuta ce mai ci.

Ga yadda yake yi. Akwai wani soson ƙarfe mai laushi da yake sayowa a Kano, ba irin wanda muke wanke tukunya da shi ba. Sai ya cusa shi cikin abin kaɗa ƙwai, ya ɗaure da sarƙa, ya kunna, ya tsaya bayan mutum yana wulwulawa da an idar da magariba. Tartsatsi ya yi ta zuba ta ko'ina, kyamara tana tsaye a kan ƙafafunta tana ɗauka. Ba zan ɓoye maka ba, hoton yana da kyau, sai ka ce ruwan zinariya ake yi. Kuma yaron ba sakarai ba ne. Yana tafiya da jarkokin ruwa da bokitin yashi, yana jiƙa ƙasa, yana duba inda iska ta nufa, ba ya barin kowa ya matso. Shi ya sa na yi shiru da farko.

Amma watan jiya ya yi wa wasu ango da amarya a wani fili gindin dutse, hanyar Roni, inda shanun wani makiyayi, Malam Mamuda, suke kwana tun da aka cire amfanin gona. Ya gama, ya zuba ruwa a duk inda ya ga ja, ya taho. Ashe tartsatsi ya faɗa cikin busasshen kashin shanu. Ka san halinsa, mun sha dafa abinci da shi a gidan Baba, ba ya yin harshe, sai ya riƙe wutar a cikinsa yana ci a hankali. Washegari da iska ta taso da hantsi sai ta bi karan gona har gindin bishiyar da Malam Mamuda ya ɗora harawarsa. Abincin da ya tanadar wa shanunsa na rani, rabi ya tafi. Allah ya tsare, matansa ne suka kashe da ganye da ƙasa, ba ta kai bukkoki ba.

Mutumin nan ya zo har zaure. Bai ɗaga murya ba, bai je wurin hukuma ba. Cewa ya yi yana so ya ga yaron da ke wasa da wuta a makwancin shanu don a yi masa dariya a waya. Musaddiƙ ya durƙusa ya ba da haƙuri, kuma harawar gonarmu duk ya kwashe a amalanke ya kai masa. Ni dai kunya ta hana ni zuwa kasuwa sayen nono har yau.

Na ɗauka shi ke nan ya daina. Sai ga shi yana ce mini yanzu ya ƙara sani, a kan falalen dutse zai yi wa Nana Aisha, inda babu ciyawa, zai share wurin, kuma ba zai tafi ba sai ya bi ƙasa da tafin hannunsa ya ji ta yi sanyi. Na ce to ƙasa ke nan, amarya fa? Ya ce za ta tsaya nesa a gaba, ɗan abin da zai iso ta ba ya ƙuna. Da na je wurin tela sai na roƙi ƙyallen da ya rage na mayafin kamun, mai walƙiyar nan. Na kusantar da shi ga garwashi. Yaya, bai ma kama ba, narkewa ya yi kamar leda, ya ɗiga a babban yatsana ya manne, da na ɓamɓare sai da fatar. Shi ya sa za ka ga rubutuna ya karkace. Wannan shi ne abin da za a rufe mata fuska da shi.

Na nuna musu yatsan. Musaddiƙ ya ce in Nana Aisha ta yarda ta sa atamfa ta auduga zai fi. Ita kuwa ta sa kuka, ta ce wace amarya ce ke hoto da atamfa, kuma ai Babanta ya riga ya amince, Gwaggo ba ta da ta cewa. Gaskiyarta, maganarka tana gaba da tawa, ba zan tsallake ta ba. Amma ni ka damƙa wa yarinyar nan tun tana aji uku, ni zan kai ta ɗakinta, kuma da fuskar da ka ba ni ita nake so in kai ta.

Don Allah ka kira ta ka ce ba ka san wutar da take nufi ba. Kada ka yi mata faɗa, kada kuma ka zagi Musaddiƙ, sana'arsa ce. Ka ce a jera mata ƙwayayen lantarki ko nawa take so, ni zan nemo janareta.

Ka gaishe mini da Yaya Mairo da Muhammad Nur da Hussain. Hajja Kaka tana sa muku albarka. Ban gaya mata komai ba, ina jiran wayarka.

Ƙanwarka,
Halimatu Sadiya