Kusurwar Darbejiya Ba Kango Ba Ce, Nasiru

Zuwa ga Injiniya Nasiru Bala,
Shugaban Kwamitin Masu Karnuka na unguwarmu,
Al Qusais, Dubai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da kuma Biskit, don an ce yanzu in aka gaishe ka ba a tambayi lafiyar karenka ba, gaisuwar ba ta cika ba. Na sa Injiniya a sama saboda mutanen da za su karanta. Ni dai Nasiru na san ka, kuma da shi zan kira ka, ba "Nas" ɗin da abokan tafiyarka suka laƙaba maka ba. Nas ni ce, shekara da shekaru a ɗakin haihuwa.

Na rubuta maka a bainar jama'a ne saboda ka toshe kowace ƙofa. Ka fice daga guruf ɗinmu na waya ba ko sallama. Na kira ka, ka turo min saƙo da Turanci wai kana taro. Na aika a gaya maka ina son ganinka, ka ce in bi ta hannun sakatariyar kwamiti. Kwamitin karnuka har da sakatariya! To ni ban san hanyar ofishinta ba, shi ya sa na biyo ta nan.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, a lambun shaƙatawa na unguwarmu akwai wata kusurwa ƙarƙashin itatuwan darbejiya, daga hannun dama in an shigo ta ƙaramar ƙofa. Nan muke haɗuwa kowace Juma'a bayan la'asar, mu Hausawan wannan yanki da na Deira da masu aiki a Ras Al Khor, har da 'yan'uwanmu na Zangon Kumasi. Mu shimfiɗa tabarmi, mu ci abinci a faranti ɗaya, mu yi magariba a kan ciyawa, mu watse. Dokar lambun ta hana shiga da kare. Kai da kwamitinka kun shafe watanni kuna neman a keɓe wa karnuka fili, kun buga riguna, kun cika intanet da hotuna. Da masu kula da lambun suka ce ku nuna wurin da za a killace, sai ka nuna kusurwarmu.

Na ɗaya. Ka daina gaya wa mutanenka cewa ƙyamar kare ce ta sa muke magana. Na ji ka riga ka shirya musu wannan amsar, wai mutanenmu haka suke, sai a hankali za su waye. Ban zo da fatawa ba. Kawuna mafarauci ne a Funtuwa, na tashi ina ganin karnukansa suna cin abinci kafin shi ya ci, kuma ban taɓa jin ya sa wa ɗayansu takalmi ba. Na san dabbar da aka kulle a saman bene wuni guda tana cikin wahala, kuma da kun zo kun tambaye mu da mun sa muku baki a ba su wurin gudu. Biskit bai yi min komai ba. Shi bai iya ƙarya ba.

Na biyu, kuma nan ne ka ba ni kunya. Na kalli bidiyon da ka yi a tsaye a kusurwar, da gilashinka a saman goshi, kana gaya wa duniya cewa wuri ne matacce, ba mai amfani da shi. Hotunan da ka haɗa duk na safiyar ranar aiki ne, lokacin da kowa yake wurin neman abincinsa. Wannan dabara ce ta yara, da ita kaɗai ce da na yi dariya na wuce. Abin da ya tsaya min a rai shi ne hujjar da ka kawo. Ka ce a duba, ciyawar ba ta kwanta ba, ba ko ledar alawa a ƙasa, kwandon shara fayau. Wai wurin da mutane ke zama ba ya zama haka.

Nasiru, wa ya fi ka sanin dalilin da ya sa wurin yake haka? Mu baƙi ne a ƙasar mutane, takardar zaman kowannenmu tana hannun wanda yake yi wa aiki, ba ma son a ce ga ƙazantar 'yan Afirka. Shi ya sa tun farko muka sa wa kanmu doka. Ba a tashi sai an tsince ko ƙwayar shinkafa. Ba ma zuba ƙashin kifi a kwandon lambun don kada ya yi wari a kai ƙara, kowa da ledarsa yake tafiya gida. Wurin shimfiɗa ma sauya shi muke yi mako-mako don kada ciyawa ta mutu. Shekarun da kake zuwa, kai ne mai riƙe baƙar leda. Kai ne mai bin yara kana cewa a ɗaga ƙafa akwai ɓawon gyaɗa. Yau tsabtar da ka taya mu yi ita ka ɗauka ka kai ofis a matsayin shaidar cewa ba mu nan. Ban taɓa ganin rashin kunya mai tsari irin wannan ba.

Na uku. Na je ofishin masu kula da lambun da kaina, bayan na tashi daga aiki, ko kayan asibiti ban cire ba. Jami'in da na samu ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Sannan ya juyo min da kwamfutarsa ya nuna min hotunanka. Ya ce sun tambaya ko akwai wata al'umma da ke zama a wurin, kuma shugaban kwamitin da kansa, wanda ɗan ƙasarmu ne, ya tabbatar musu babu. Ban ga laifinsa ba, an ba shi shaida ya karɓa. Amma ka san yadda na ji? Da wani Bature ne ya faɗa, da sai in ce bai sani ba. Sunanka da fatarka aka sa aka rufe min baki. Abin da kwamitin ya gani a jikinka ke nan da suka ba ka shugabanci, in ba ka sani ba yau ka sani. Ba iya Turancinka ba ne, suna da waɗanda suka fi ka.

Kuma ka yi lissafinka daidai, wannan kam na yaba maka. Ka san mutanenmu ba za su yi layi a ofis suna jayayya ba. Mai gadi da direba da mai ɗaure kaya a kargo, wato kamfanin aika kaya, ba sa son sunansu ya shiga kowace irin ƙara. Na zagaya na roƙa, kowa sai ya ce Anti Hauwa a yi haƙuri, Allah ya isa. Da tsoronsu ka yi awo kafin ka nuna wurin.

Na huɗu. Ban so in sa maganar mijina a takardar da kowa zai karanta ba, amma ka tilasta ni. Ka san Malam Isa. Lokacin da ka sauka garin nan da jaka ɗaya, ba ka san ko hanyar jirgin ƙasa ba, a kan tabarmar nan ya zaunar da kai kusa da shi, yana tura maka nama gabanka. A nan yake yi maka tambayoyi irin na masu ɗaukar aiki yana gyara maka amsa, har aka ɗauke ka. Wani sashe na Turancin da kake yi wa kyamara yau daga bakinsa ka kwashe shi.

Shi yanzu ba shi da Turancin. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye shekara biyu da suka wuce, mutumin da ya yi rayuwarsa yana koyar da lissafi da Turanci ya farka babu ko kalma ɗaya. Ɗan Larabcin kasuwa ma ya tafi. Abin da ya rage masa Fatiha ce da guntattakin Hausa. Ka zo asibiti sau ɗaya da kwandon 'ya'yan itace, ka ɗauki hoto, ba mu sake ganinka ba, saboda haka bari in ba ka labarin abin da ya biyo baya.

Mai koya masa magana a asibiti ba ta jin Hausa. Matar da ke zama da shi in na tafi aiki ita ma ba ta ji. Shawarar da aka ba ni ita ce in riƙa kai shi cikin masu yarensa, ya ji ana yi, ko bakin zai saki. Ni kaɗai ba na isa, in na dawo daga aiki muryata ma ba ta fita. Sai na fara kai shi kusurwar nan. Watanni yana zaune a kujerarsa ta naɗewa, yana bin bakin mutane da ido, ba ya cewa komai. Ran nan Alhaji Mamman, mai kargon nan na Maraɗi, yana ta zuba labarin yadda ya yi dambe da ƙato a ƙuruciyarsa ya kayar da shi, sai Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce masa ƙarya yake yi. Cikakkiyar magana, ta farko tun da ya kwanta. Wurin ya kaure da dariya da kabbara, Alhaji Mamman ya rungume shi yana hawaye, ni kuma na juya baya na yi kukana. A wurin da ka ce matacce ne aka yi wannan.

Kada ka ce mu koma wani gefe, na riga na auna. Ƙaramar ƙofar nan ita kaɗai ce mota ke iya tsayawa dab da ita. Daga nan zuwa inuwar, iyakar abin da ƙafarsa ke iya ja ke nan da sanda, kuma in ya faɗi, a kan ciyawa zai faɗi. Sauran inuwar lambun tana can bayan filin wasan yara, sai an bi yashi an hau matakala. Keken guragu kuwa ya rantse ba zai hau ba, kuma ka san taurin kansa. In aka killace kusurwar, masu lafiya za su sami wani wuri, ko a Deira ko a bakin ruwa. Shi zai koma falo ya zauna da talabijin da ba ya gane abin da take faɗa. Duk mako Juma'ar nan yake jira, tun Laraba yake nuna min hularsa.

Na biyar. An gaya min tun farko an nuna muku wancan dogon filin na bayan wurin ƙwallon kwando, wanda da gaske ba mai zuwa, kuka ƙi. Dalilinku wai babu inuwa, ƙasa tana zafi, tafin ƙafar karnuka zai ƙone. Gaskiya ne, zai ƙone. Amma mutanen da suka iya buga riguna masu hoton kare, suka iya yanka wa kare kek ranar zagayowar haihuwarsa, ba za su gagara kafa rumfa da dasa ciyawa ba. Kai injiniya ne, rumfa ba ta fi ƙarfinka ba. Kun dai ga inuwar da ta riga ta girma, kun ga waɗanda ke ƙarƙashinta ba masu iya ɗaga murya ba ne.

Juma'ar da ta wuce mun tarar an kafa turaku an zagaye su da jan ƙyalle. Malam ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya nuna da sandarsa, ya tambaye ni na mene ne. Na ce masa bututun ruwa za a gyara. Duk wanda ke wurin ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ƙaryata ni. Har yau bai sani ba, kuma bai san da hannunka a ciki ba.

Saboda haka ga buƙatuna, ba su da yawa.

Ka koma ofishin nan ka janye shaidarka. Ba na ce ka janye neman fili ba, ku nema, Allah ya ba ku. Ka ce musu dai da ka ce ba kowa a wurin, ba gaskiya ka faɗa ba. Ka sauke bidiyon nan, ko ka zo ka ɗauki wani ranar Juma'a da yamma ka ɗora kusa da shi. Ka mayar da kwamitinka kan filin bayan wurin ƙwallo.

In kuwa duk wannan ya yi maka nauyi, to saura guda, kuma ita ba zan yafe maka ba. Ni ba zan gaya wa Malam ba. Na gaya masa ciwonsa, na gaya masa aikinsa ya ƙare, wannan kam ba aikina ba ne. Kai za ka zo. Ranar Juma'a bayan la'asar, ba sakatariya, ba kyamara. Ka durƙusa gaban kujerarsa yadda ka saba a da, ka gaya masa da Hausa, tunda ita kaɗai yake ji, cewa ka duba wurin nan da kyau ba ka ga kowa ba. Ka yi maganar a hankali, yana ganewa in ba a yi sauri ba. In ka gama kada ka tashi. Amsarsa tana daɗewa kafin ta fito, mu mun saba jira, kai ma za ka jira.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya raya maka iyali, ya ba Biskit filin da zai yi gudu har ya gaji. Allah ya sa kada ka taɓa neman kalma a bakinka ka rasa. In kuma ya ƙaddara maka hakan a ƙasar da ba taka ba, Allah ya haɗa ka da mutanen da suka fi ka.

Wassalam.

Hauwa'u Sani Funtuwa,
matar Malam Isa,
Al Qusais.