Mai Aron Lasisin Ramatu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya ciwon ƙafar Inna? Mu a Garwa lafiya lau.

'Yarka Ramatu ta samu shiga rajistar likitocin dabbobi, lasisinta ya fito. Ko mako ba a yi ba, sai ga Buba mai sayar da magani a Ngong, wanda allurarsa ta kashe mana shanu bara. Wai ta ara masa lasisin ya rataya a shagonsa. Har da cewa, "Ai takarda ce kawai."

Ramatu ta ce, "Malam Buba, sunana ne a kanta."

Ƙyamarsa ta hana ni ko ba shi ruwa.

A sa ta a addu'a. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Hamidu