Ƙunshin da Inna Ta Hana a Ɗora Saman Mota

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Agadas? Mu nan Rano lafiya ƙalau, dawa ta shiga rumbu.

Yaya, ki share ɗaki, zuwanmu ya tabbata bayan Babbar Sallah. Kawu Sule na Kibiya ne zai ja mu a Fijo ɗinsa. Har ya sake tayoyi, mun kuma tanadi jarkokin ruwa saboda hamada. Ya ce tunda zamanin Shari'a ne, maza gaba, mata baya. Inna ta ce ita ta goya shi, don haka gaba za ta zauna. Dole ya bar mata kujerar.

Kuka da daddawar da kika ce a taho da su suna nan. Sai dai akwai wani ƙunshi da Inna ta hana a ɗora saman mota, wai a cinyarta zai yi tafiyar. Da na matsa mata ta kwance, ashe likkafaninta ne. Na ce, "Subhanallahi, Inna!" Ita kuwa dariya ta yi, ta ce, "Kai Musa, ina za ku samo farin yadi a tsakiyar rairayi? Ni dai ko ana ha-maza ha-mata sai na ga 'yata."

Ki gaida mutanen gida duka. Ku taya mu addu'a Allah Ya kawo mu lafiya, Ya sa mu dawo Rano da ƙunshin nan a ɗaure, a cinyar mai shi.

Ƙaninki,
Musa