Taragon da Einar Ya Ba Kaji

St. Paul, Oktoba 1954

Einar,

Ina gaisuwa, don Inna ta koya mana gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Na ga hotonka a jarida riƙe da galan ɗin kananzir, taragun lantarkin garin nan suna ci da wuta a bayanka, kana murmushi kamar ango. Ni ban yi boko irin naka ba, amma hoto ba ya bukatar karatu.

Tun kana yaye nake tuƙa tarago mai lamba 1187. Da kamfani ya ce bas zai maye gurbinmu, kai kuma aka ba ka shugabancin gareji, a ɗakin girkina ka zauna, kofina a hannunka, ka ce, "Yaya, naka ba zai ƙone ba. Zan sa a kai maka shi bakin tafki ka yi ɗaki." Na share fili, na jera tubalan da zai zauna a kai, har bayana ya riƙe. Ina yake?

Yayanka,
Torvald

*

Yaya Torvald,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan bayan ya yi sauƙi. Murmushin nan mai hoto ne ya ce a yi. Naka ba ya cikin waɗanda aka ƙone, na cika wannan. Sai dai an kai shi wata gona kusa da Hastings. Ka yi haƙuri, abin ya fi ƙarfina. Matata Borghild ta ce lallai ka zo Kirsimeti, ta riga ta yi odar kifi.

Ƙanenka,
Einar

*

Einar,

Gaisuwa. Na je Hastings, kuma a cikin bas, wannan gwangwanin mai warin hayaƙi. "Wata gona" ashe ta Halvor ce, wan matarka! Ya tare ni yana washe baki: "A'a, tsohon direba! Zo ka ga fasinjojinka, ba mai biyan kuɗin mota." Kaji, Einar. Kashinsu har kan kujerar bayan direba, inda marigayiya matata Solveig take zama ta kawo mini abincin rana. Na ce masa wa ya ba ka? Ya ce, "Einar mana, shi ya kira ni da kansa. Ya ce kai ka tsufa, me za ka yi da shi?"

Na shiga na tsaya a wurina, na taka ƙasa inda ake taka ƙararrawa. Shiru. Rami kawai. Ƙafar nan har yau cikin barci takawa take. Da ka ƙone shi, da na ce kamfani ne.

Torvald

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Gaskiya Halvor ya faɗa. Likita ya ce zuciyarka ba za ta ɗauki sanyin bakin tafki ba, ni kuma na san ka: ranar da tarago ya isa can, ranar za ka tare, kai kaɗai. Ƙararrawar ni na cire, ga ta nan na aiko. Don Allah ka zo Kirsimeti.

Einar

*

Einar,

Gaisuwa. Ƙunshin ya iso. Kafin in buɗe na san muryarta, don ɗan aike ya yar da ita a bakin ƙofa.

Zuciyar tawa ce, ba ka tambaye ni ba. Ku ci kifinku.

Jiya na je tafki, na ɗora ta a kan tubalan. Wurin ya yi mata yawa.

Torvald