Yaƙina da Akwatin Malam Davou

Litinin, 3 ga Maris, 2003
A shaida: ni Malam Zainulabideen, Sarkin Tafiretar Gwarzo, mai buga wa talakawa takardun koke shekara ashirin da biyu, na ɗaura yaƙi da kwamfuta. Lokacin da kuɗinta kuɗin mota ne, na bar wa gwamnoni. Yanzu kuɗin ta hannu, wadda aka taɓa amfani da ita, ya faɗi warwas, har matata Uwaliya na cewa awakinta uku sun isa. Na hana.

Alhamis, 6 ga Maris
Maƙwabcina Malam Davou, malamin lissafi, ya sayo. Mutanen Kabo biyu sun wuce teburina da takardunsu, suka shige gidansa. Ko sallama.

Juma'a, 14 ga Maris
Bayan masallaci na yi wa majalisa jawabi mai ratsa jiki. Na ce hotunan tsiraici ake kallo a akwatin nan. Ban gani ba. A jarida na karanta ana yi a wasu ƙasashe. Kowa ya yi dariya. Ɗanladi mahauci bai yi ba.

Asabar, 15 ga Maris
Da hantsi suka zo, su bakwai, Ɗanladi a gaba da gora. Suka ɓalle ƙofa. Davou ya tare yana cewa, "Jarrabawar 'ya'yanku ce a ciki!" Suka karya masa hannu, suka fasa masa baki, jini har kan dakali. Gilashin suka ragargaza, a zatonsu shi ne kwamfutar. Ainihin akwatin na ƙarƙashin tebur, matarsa Clara ta lulluɓe shi da ƙyallen ado. Ba wanda ya taɓa shi.

Ina tsaye a zaurena. Ɗanladi ya ɗago mini gora: "Malam, an cika aiki!"

Lahadi, 16 ga Maris
Uwaliya, tana ajiye tuwo: "Malam, bakinka ne ya riƙe gorar nan."

Talata, 18 ga Maris
Clara na ɗaure kaya. Filato za su koma, in ji ta, da an gama jarrabawa.

Asabar, 22 ga Maris
Kirtanin tafireta na je saye Kano. Yadda aka yi gilashin kwamfuta ya biyo ni mota, Allah masani. Da yake Davou ba hannu, ni na buga masa tambayoyin aji uku a kwamfutar, domin leƙen asirin abokan gaba kawai. Ya ce, "A hankali, Malam, ba dukanta ake yi ba." Bai tambaye ni komai ba. Clara ta kwance ƙunshi ɗaya, na tukwane.

Kotu ta zauna, ni ne alƙali, ni ne mai laifi. Tara: goro biyar. Za a biya ranar da na iya haɗa ido da shi.